Fasasshen Bokiti Ya Dawo Gida

Ni ke kula da sayen kaya a wani ƙaramin kamfanin robobi da ke Sharaɗa a Kano, inda muke yin bokiti da buta da baho. Abin da ya daɗe yana ci min rai shi ne motocinmu. Su tafi Gusau ko Maraɗi maƙare da kaya, su dawo wayam, alhali man zuwa da dawowa duk mu muka biya. Wata rana na ce wa maigida, "Alhaji, me zai hana dillalanmu su riƙa tara mana fasassun robobi, direba ya kwaso in zai dawo, mu niƙa mu sake zubawa?" Ya ce in gwada, amma in aka yi asara kar in zo masa da dogon bayani.

A takarda lissafin ya yi daɗi, don na ɗauka abin da zai dawo kowane wata kusan ɗaya ne. Daminar farko ta ƙaryata ni. 'Yan jari-bola da yawa sun koma ƙauye noma, ɗan abin da ya iso kuma jiƙe yake da laka, muna biyan kuɗin ruwa da ƙasa a kan sikeli. Da rani ya shigo sai kaya suka yi mana ambaliya har muka rasa wurin jibgewa.

Duk da haka, rarrabe iri ya fi wahalar da ni. A idon mai tarawa roba roba ce, amma inji ba ya yarda da wannan. Bokiti yawanci irin robar da ake kira PP ne, jarka HDPE, bututun ruwa PVC, gorar ruwan sha PET, kowanne da zafin da yake narkewa. Sau ɗaya PVC ya saje mana cikin niƙa, hayaƙi mai yaji ya kori ma'aikata waje, bokitan da suka fito duk tabo, kunnuwansu na ɓallewa da an cika su da ruwa. Daga nan muka gina kwamin ruwa, muna zuba niƙaƙƙiyar robar a ciki: PP da HDPE su taso, PVC da PET su nutse. Akwai wata dattijuwa cikin matan da ke mana tsinta, ita ƙwanƙwasawa kawai take yi ta ji ƙarar, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba. Na kuma gane roba tana gajiya. In ta sha narkarwa sai ta yi gautsi, dole a gauraya ta da sabuwar ƙwaya, wato robar da ba a taɓa aiki da ita ba.

Sai 2023 ta zo. Farkon shekarar aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, ɗan bola kuwa kuɗi a hannu ya sani, ba ruwansa da taransifa. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, bayan juyin mulkin Nijar na ƙarshen Yuli kuma aka rufe iyaka, hanyar Maraɗi ta mutu mana. Farashin sabuwar ƙwaya dala yake bi, don haka kowane kamfani ya ruga neman tsohuwar roba. Dillalan da na ɗauka nawa ne suka sayar wa wanda ya fara ƙirga musu kuɗi. Ban ga laifinsu ba, ni ne na yanka farashi ɗaya na ce ya yi wata uku.

Yanzu duk mako muke sake farashi, wanda ya kawo tsintacciya busasshiya kuma yana samun ƙari. Muna saye ta hanya uku: dillalai, 'yan bola na cikin gari, da ɓarnar wasu masana'antu a Bompai da Chalawa. Kafin ruwan farko kuma sai na cika sito da niƙar da za ta kai mu wata biyu. Wannan ne Alhaji bai so har yau. Duk ranar da ya leƙa siton sai ya tsaya ya dubi buhunan ya ce, "Malam, kuɗina ne fa kwance haka." Ni kuma in ce masa ya bari Agusta ta zo mu sake maganar.