Hoi An da ƙafa: daga kasuwa zuwa rijiyar Ba Le

Ƙafafuna sai zugi suke amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Bayan asuba na baro birnin Da Nang zuwa Hoi An, wani tsohon gari a ƙasar Vietnam, tafiyar wajen kilomita 30 ce, ina sauka na yanki tikitin tsohon gari dong 120,000 (dong shi ne kuɗinsu) na kutsa da ƙafa. Garin nan tashar jiragen ruwa ce tun ƙarni na 15 har na 19, fataken Sin da Japan da Turawa duk a bakin kogin Thu Bon suke sauke kaya, da yashi ya cike bakin kogin sai ciniki ya koma Da Nang, shi ya sa gidajen suka tsaya yadda suke da bangonsu ruwan ɗorawa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Ni dai cao lau ce ta kawo ni, taliyar da ake cewa sai a garin nan take yin daidai. Matsalar ita ce da naman alade ake haɗa ta. Dama na rubuta a wayata da yarensu cewa ba na cin alade, sai na nuna wa wata tsohuwa mai tukunya a kasuwar bakin kogi. Ta karanta, ta buɗe murfin ta nuna min romon tana girgiza kai, wato ko an tsame naman romon ma nasa ne. Wallahi da ta zuba min ba zan taɓa ganewa ba, amma baiwar Allahn nan ta haƙura da kuɗina, ta taso ta riƙo hannun rigata har bakin wani lungu tana cewa chay, chay. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Chay ashe abincin da babu nama ko kaɗan ne, mabiya Buddha da yawa shi suke ci ranar 1 da 15 ga watansu. Aka kawo min kwano, maimakon nama sai ga awara soyayya, awararmu sak, da ganye ɗanye mai ƙamshi da 'yan ƙananan soye masu garas-garas, romo ɗan kaɗan a ƙasa. Taliyar kauri gare ta, launinta ƙasa-ƙasa, tana da ɗan tauri a haƙori. Loma ta biyu na ji wani ɗanɗano da na sani, ashe a ruwan toka ake jiƙa shinkafar kafin a niƙa, mutanen garin sun ce tokar itacen tsibiran Cham ce, ruwan kuma na rijiyar Ba Le. Nan take na tuno kakata tana tace toka a tsohon kwano mai huji saboda miyar kuka, na daɗe riƙe da cokali ban kai baki ba.

Dole na nemi rijiyar. Sai da na ɓata sau biyu, tana can cikin lungu tsakanin gidaje, mai kusurwa huɗu, tubalinta duk gansakuka, wani dattijo yana ja da guga yana cika jarkoki a bayan keke. Ya miƙo min gugan na wanke fuska, sanyi ƙalau.

Da la'asar na haye gada zuwa tsibirin Cam Nam na ci banh dap, wani busasshen fanke na shinkafa da ake manna masa mai laushi a doke da tafin hannu ya farfashe, a dangwala da miyar kifi, sannan na sha kunun masara mai zaƙi da suke kira che bap. Kafin magariba aka kunna fitilun siliki, na wuce ta wata tsohuwar gada da ake kira gadar Japan, wadda hotonta ke jikin takardar dong 20,000 amma cunkoso bai bar ni na tsaya ba.

Na koma kasuwa don in yi wa tsohuwar godiya, na tarar ta tashi, sai kujerunta na roba a kife. Gobe da safe zan fara biyawa ta wurinta kafin in wuce gonakin ganye na Tra Que.