Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Facin Layi Uku

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya sakar mini tsohuwar kwamfutar shagonsa na Aboabo, bayan ya sayo sabuwa a Adum, ni kuma na ɗora mata Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta. Abin da ban ba ku labari ba shi ne kayan da ke cikinta. Kafin in share komai sai da na kwashe rumbunta kaf, kuma abin da na kwasa gumin mutane ne da dama da suka yi zamaninsu a kujerar bugu suka wuce: katin biki, katin suna, sanarwar addu'ar arba'in, takardun shaidar sauka na makarantun Asawase da Sabon Zango, wasiƙun neman biza, sai ƙananan littattafan wa'azi da waƙoƙin bege waɗanda malamai ke kawowa da ajami a juya musu zuwa boko. Kowane mai bugu da irin sunan da yake raɗa wa fayil. Wannan ya sa "katin biki", wancan "katin biki sabo", na bayansa "katin biki sabo na gaske".

A cikin wannan tarkace na saba da baƙin allo, inda babu hoton da za ka danna, sai dai ka rubuta umarni kwamfuta ta ba ka amsa. Umarni biyu ne suka zama abokan aikina. Shi find sunan fayil yake bi, da girmansa, da lokacin da aka taɓa shi. Shi kuwa grep cikin fayil yake kutsawa, ya zaro maka duk layin da kalmarka ta fito. Ka haɗa masa da -r ya bi folda-folda har ƙasa, ka ƙara -i ya daina bambanta babban baƙi da ƙarami, ka ƙara -l ya ba ka sunayen fayilolin kawai ba tare da dogon surutu ba. Ken Thompson ne ya rubuta shi a ɗakin binciken Bell da ke Amurka wajen 1973, tun iyayena ba su haɗu ba, amma ga shi yana yi mini dako a Kumasi.

Matsalar grep ɗaya ce a shago irin namu: tsagwaron rubutu yake iya karantawa. Fayil ɗin Word na zamani a matse yake kamar yadda ake matse zip, don haka grep zai wuce ta kansa bai ga komai ba. Wannan ya sa na sauko da wata ƙaramar manhajar bincike da wani bawan Allah a Turai ya rubuta ya saki kyauta. Tana buɗe fayilolin Word, tana ajiye jerin kalmomin da ta gani, kafin ka ce kwabo ta ba ka amsa ko a kan tsohuwar kwamfuta. Ba zan kama sunanta ba, domin mai ita bai yi mini komai ba sai alheri.

Wata ranar Asabar bayan la'asar wani dattijo ɗan kasuwar goro ya shigo. Ya gaisa da Kawu, suka taɓa hirar kasuwa, sannan ya juyo gare ni.

"Yaro, an ce kai ne mai tono."

"Muna dai taɓawa, Baba Alhaji."

Mahaifinsa malami ne, ya rasu. Kafin rasuwarsa ya kawo wata waƙar wa'azi da ya yi aka buga masa a nan, ruwa ya ci kwafin da ke gida, asalin ajamin kuma ba a san inda ya shiga ba. Alhaji bai tuna shekara ba, bai tuna wanda ya buga ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne kowane baiti da kalmar ƙiyama yake farawa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ya zauna ya sha ruwa.

Ya sha ruwan, ya yi magariba, ya tafi gida hannu rabbana.

Duk wanda bai taɓa neman kalmar Hausa a tsofaffin fayiloli ba, ba zai gane wahalar ba. Kalma ɗaya fuska huɗu gare ta a rumbun Kawu. Akwai masu rubuta kiyama babu ƙugiya, kuma ban ga laifinsu ba, tunda mu 'yan Zango da yawanmu ko a baki ba ma fitar da ƙugiyar, har 'yan uwanmu na Kano su riƙa yi mana dariya. Akwai masu rubuta k'iyama. Akwai masu ainihin ƙ. Sai kashi na huɗu, waɗanda suka yi aiki da tsofaffin font na Hausa irin su Rabi'at da Abdalla, da aka kawo mana daga Najeriya tun kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ya yaɗu. Dabarar waɗannan ita ce a ari gurbin wasu alamomi a ɗora musu surar harafinmu. A takarda ka ga ƙasa, a cikin kwamfuta kuwa }asa ne ke zaune. Kalmar ɗaya ta zama ]aya, Ɗan ya zama [an. Sun yi amfani ƙwarai a lokacinsu, littattafai da yawa da su aka buga. Sai dai alamomin da suka ara su ne grep ya keɓe wa kansa don tsara abin nema. Ka ce masa ya nemo [an, sai ya tsaya yana ƙorafin an buɗe baka ba a rufe ba, har sai ka sa masa -F, wato ya ɗauki rubutun yadda yake kada ya yi masa tafsiri.

Na bi fuskokin nan huɗu da ƙaramar manhajar, da -i a gaba. Ta kawo huɗubobi, ta kawo littafin gyaran gawa, waƙar dai babu. Daga ƙarshe na sa LibreOffice, takwaran Word na kyauta, ya juye fayilolin zuwa tsagwaron rubutu, aikin da ya kwana yana yi, na saki grep a kansu. Sai ga ta. Wata 'yar maƙwabtanmu da ta yi aiki a shagon kafin aurenta ce ta buga, da harufan Unicode tsaf, kowane baiti ya fara da babban Ƙ.

Alhaji ya karɓi waƙarsa ranar Litinin, ya sa albarka, ya bar mana ƙullin goro. Ni kuwa abin bai bar ni ba. Waƙar tana nan tun farko, manhajar ta wuce ta gabanta ta ce babu.

Da na bi diddigi sai dalilin ya fito. A tsohon tsarin ASCII kowane harafin Turanci bayit ɗaya ne, wato gurbi ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta, kuma tsakanin babba da ƙarami tazarar 32 ce daidai: A yana 65, a yana 97. Mai rubuta manhaja zai iya daidaita su da ɗan lissafi. Namu ba haka suke ba. A UTF-8, hanyar da ake ajiye rubutun Unicode, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ne. Ƙ da ƙ maƙwabta ne a jerin Unicode, U+0198 da U+0199, amma Ɗ yana U+018A, ƙaraminsa ɗ kuma can nesa a U+0257. Manhajar da ke bin bayit ɗaya-ɗaya ba za ta taɓa sanin 'yan gida ɗaya ne ba. Shi kansa grep haka yake yi in ka tilasta masa bin bayit ɗaya-ɗaya da LC_ALL=C; don dai kwamfutata a kan UTF-8 take shi ya sa ya gani.

To, gazawa ba abin kunya ba ce ga manhajar kyauta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar bayaninta, wadda ake buɗewa da umarnin man. A ƙarƙashin -i ta ce ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, ta yi shiru. Babu "amma". Tamkar yaron trotro ne, motar hayarmu, yana kiran Tek, Tek, ka shiga ka zauna, mota ta sauke ka a Kejetiya. Da ta ce harufan Turanci kaɗai take nufi, da tun daren Asabar na rubuta babban Ƙ da hannuna, dattijo ya kwana da waƙar mahaifinsa.

Abin da ya ƙara ba ni ƙarfin gwiwa shi ne na riga na saba da takardar find, wadda ba ta ɓoye halin kayanta. Ita da kanta take gaya maka -mtime +1 ba ya nufin abin da ya kwana ɗaya, sai wanda ya kai kwana biyu cur, domin ana zubar da guntun yini wajen lissafi. Ta gaya maka -size -1M fayiloli marasa komai kaɗai zai kawo, saboda ana cike girma zuwa sama. Ta ja maka kunne cewa in ka sa -delete a farkon umarni, zai hau share duk abin da ke ƙarƙashin inda ka nuna masa. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Tun littafin farko na Unix, tsarin da waɗannan umarni suka fito daga cikinsa, na watan Nuwamba 1971, akwai sashen da aka ware wa aibin kowane umarni, sunansa BUGS.

Na kai wa Kawu wannan zance yana yanka kati.

"Nawa za su biya ka?"

"Ba a biya, Kawu."

"Kai da wutata, da intanet ɗina, ka gyara wa Bature takarda kyauta?" Ya ajiye wuƙar. "Kuma wane ɗan kasuwa ne zai rubuta aibin hajarsa ya manna a ƙofa?"

Malamin da ke zama a bencin ƙofarmu yana jiran a buga masa jadawalin azumi ne ya tsoma baki. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, ai kai ma ka karanta a babin ciniki. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibi. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu." Kawu ya ce shi bai ga ciniki a nan ba tunda babu kuɗi. Suka kama musu, suka manta da ni, wanda hakan ya yi mini daidai. Shi fa Kawun nan, harafi ɗaya ya kuskure a sunan amarya sai ya sake buga katin gaba ɗaya da kuɗin aljihunsa.

Gyaran cikin manhajar ya fi ƙarfina, da yaren C aka rubuta ta, ni kuma a lokacin ko ƙofarsa ban sani ba. Takardar kuwa zan iya. Ana rubuta ta ne da wani tsohon tsari mai suna roff, inda layin da ya fara da ɗigo umarni ne: .SH kan sashe, .TP sabon zaɓi, .B rubutu mai kauri. Karan da ke gaban zaɓi sai an rubuta shi \- don wanda ya kwafa ya liƙa a baƙin allo ya samu karan gaske. Akwai kuma tarkon da kamar don Bahaushe aka ɗana shi: layin da ya fara da waƙafin sama, irin na 'yan da 'ya'ya, shi ma umarni roff ke ɗaukarsa, sai layin ya ɓace ɗungurungum babu ko sallama. Maganinsa a sa \& a gaba. Harafin ƙ kuma na rubuta shi da lambarsa, \[u0199], don kada ya rikiɗe a kwamfutar wani.

Layi uku na ƙara. Na farko ya ce -i harufan A zuwa Z kaɗai yake daidaitawa. Na biyu ya ba da misali da Ƙ da ƙ. Na uku ya ce mai neman irin waɗannan ya rubuta fuskokin biyu. Na tsaya a kan su fiye da yadda na taɓa tsayawa a kan wasiƙar biza, ina rage kalma ina mayarwa, domin wanda zai karanta yana cikin gaggawa, wataƙila ma Turancin ba nasa ba ne kamar ni.

Faci kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ka ajiye tsohon fayil da sabo, diff -u ya fitar da bambancinsu, layin da aka cire da alamar ɗebewa, wanda aka ƙara da alamar tarawa, da 'yan layuka a sama da ƙasa don a gane gurbin. Larry Wall ya fitar da umarnin patch mai ɗinka irin wannan tun 1985. Mai manhajar da git yake aiki, wato abin adana tarihin gyare-gyare, don haka git format-patch ya naɗe mini komai, na aika ta imel.

Amsarsa ba ta da gaisuwa. Mu da in ba a tambayi gida da aiki da gajiya ba ba a fara magana ba, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ya ce layukana sun yi tsawo in karya su, in maimaita gargaɗin a sashen BUGS, in raba facin biyu domin na haɗa da gyaran wani kuskuren rubutu da ba shi da alaƙa. Daga baya na gane wanda ya karanta layi ukunka har ya ga inda suka yi tsawo, ya ba ka lokacinsa. Na gyara na mayar. Ya karɓa, sunana ya shiga tarihin manhajar. Na nuna wa Kawu a allo, ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "To, madalla. Je ka kai wa Hajiya katinta a Sawaba."

Ba a rufa mako biyu ba sai ga wani imel. Mai manhajar ya ce layukan nan sun hana shi sakat, ya taɓa cikin manhajar don ta gane harufa irin namu, amma ba shi da rubutun da zai gwada. Wane yare ne wannan, kuma zan iya haɗa sabon in gwada a kan fayilolina? Ban san yadda ake haɗa manhaja daga tushenta ba. Wanda na sani ya iya shi ne ɗan Goggo da ke karatun injiniya a jami'ar KNUST, wanda rabonmu da magana tun rigimar gadon gidan Alabar. Yadda na taka zuwa ɗakinsa, da abin da Goggo ta ce da labari ya kai mata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.