Layin da aka ce in cire daga rajistar sabar imel

Yanzu da na bar sashen, zan iya faɗin yadda aka yi da layin nan na "connect from localhost[127.0.0.1]" da ya cika rajistar Postfix, manhajar sabar imel ɗinmu. Layin yana nufin haɗin ya fito ne daga cikin sabar kanta. Tun kafin a bincika, shugaban sashe ya yanke cewa Monit ne, manhajar da ke sa ido kan sabar, ke leƙa ƙofa ta 25 da imel ke shigowa ta cikinta don ya tabbatar sabar tana aiki, ya kuma umarce ni in cire layin daga rahoton safe saboda yana cika ido. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin Monit yana zuwa ne a kan kari, bayan kowane minti biyu, ya shiga ya fita bai bar saƙo ba. Sai dai a tsakankaninsu akwai wasu shigowar marasa tsari, galibi da tsakar dare, waɗanda ake ba lambar jerin aikawa, kowanne ɗauke da tarin masu karɓa da ba mu taɓa hulɗa da su ba. Da na nuna masa, sai ya ce ina neman aiki inda babu.

Umarnin ss -tnp, mai nuna haɗin da ke buɗe, bai kama komai ba, saboda haɗin yana ƙarewa kafin mutum ya danna maɓalli. Abin da ya tona asiri shi ne ƙa'idar iptables, katangar tsaron sabar, da na sa a sarƙar OUTPUT tare da --log-uid, wadda ta rubuta uid, wato lambar asusun da ya buɗe kowane haɗi. Lambar ta stunnel ce, manhajar ɓoye haɗi, wanda shi shugaban da hannunsa ya girka don karɓar saƙo a ƙofa ta 465 ya miƙa wa Postfix daga cikin sabar. Duk wanda ya shigo daga waje ta nan, Postfix yana ganinsa a matsayin ɗan gida, kuma da yake 127.0.0.0/8, wato adiresoshin cikin sabar, yana cikin mynetworks, jerin adiresoshin da Postfix ya amince da su, permit_mynetworks yana buɗe masa hanya ba tare da kalmar sirri ba. Wato kowa a duniya na iya tura saƙonnin banza da sunanmu. Gyaran bai wuce a kashe stunnel, a kunna smtpd_tls_wrappermode a fayil ɗin master.cf don Postfix ya karɓi saƙon ƙofa ta 465 da kansa, a kuma wajabta SASL, wato shiga da suna da kalmar sirri, ba.

Kafin a yarda a yi gyaran, adireshinmu ya riga ya shiga jerin Spamhaus na masu tura saƙonnin banza, saƙonninmu suna ta dawowa. Rahoton da aka kai sama ya ce mai kula da rajista ya yi sakaci, kuma ba a ambaci stunnel ko sau ɗaya ba.

Ga wanda ya gaje ni: amavis, mai tace imel, yana mayar da saƙo ta ƙofa ta 10025, Roundcube, shafin karanta imel, ma ta localhost yake aikawa, don haka kada waɗannan su tayar maka da hankali. Saƙon da PHP ya tura ta sendmail kuwa a layin pickup za ka gan shi, tare da uid. Idan aka ce ka cire wani layi daga rahoto, ka nemi a rubuto maka umarnin ta imel, ka kuma ajiye kwafi a wajen sabar.