Ranar da igiya ta sulale daga cikin jigo

Jirgin ruwan da na saya bara a Legas na hannu ne, samfurin GP14, irin wanda Jack Holt ya zana a Ingila a 1949. Tsawonsa ƙafa 14, ba inji, iska ce ke tura shi. Jikinsa garau, amma igiyoyin da ake ɗaga ƙyallen iska da su, da waɗanda ake juya shi, sun sha rana da gishiri har sun koɗe. In ka murza ɗaya, gari ne zai zubo maka a tafin hannu.

Da farko son araha ya kai ni kasuwa na kwaso igiyar nailan. Ashe nailan miƙewa take yi. Ka ɗaga ƙyalle ka ɗaure tam, iska na kaɗawa sai ya saki jiki kamar babbar rigar aro. Dole na koma na sayo ta foliyesta, wadda ba ta cika miƙewa ba kuma tana jure rana: milimita 6 ta ɗagawa, milimita 8 ta riƙewa a hannu, don siririya yankan tafi take yi. Dyneema kuwa, wata irin igiya mai ƙarfin gaske, farashinta kawai na tambaya na kama gabana.

Inda na sha wuya shi ne wajen zura sabuwar. Jigon, wato dogon sandan da ake ɗaga ƙyallen a jikinsa, bututun alminiyom ne, igiyar ta cikinsa take bi ta fito can ƙoli. Dabarar ita ce ka haɗa bakin tsohuwa da na sabuwa, ka ja tsohuwar ta jawo 'yar'uwarta. Ni da gaggawa, salatif kawai na naɗa. Baba mai gadin wurin da nake ajiye jirgin, Basarke ne daga Yawuri, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ɗinke ta tukuna." Na ce, "Haba Baba, ai wannan ya riƙe." Ina ja, ina ja, sai na ji hannuna sakayau. Tsohuwar ta zubo a ƙafata, sabuwar ta sulale ta koma inda ta fito, jigo ya zama wayam.

Baba bai ce uffan ba. Ya tafi ya dawo da zaren kamun kifi da guntun sarƙar keke. Muka sauke jigon, muka jingina ƙolinsa a katanga, ya zura sarƙar ta sama, nauyinta ya ja zaren har ƙasa, na laƙato shi da lanƙwasasshiyar waya. La'asar sakaliya muka gama abin da allura da zare za su yi a minti biyar.

Sauke jigon ma ya yi rana. 'Yar tayar da igiya ke gudu a kanta a ƙoli ta tsage, bakinta kamar reza. Ita ce ta tsinke salatif ɗin, kuma da ta cinye sabuwar igiyar a hankali ban sani ba. Na canza ta.

Sauran igiyoyin duk ɗinke su na yi baki da baki kafin in ja, na ƙona bakin kowace da wuƙa mai zafi don kada ta warware. Kowace da launinta, saboda in iska ta taso ba lokacin tambayar wace ce wace. In na dawo daga ruwa ina ɗauraye su da ruwan famfo. Nailan ɗin kuwa Baba ya karɓe, yanzu a kanta yake shanya.