Darussa daga canza bushin baya na tsohuwar Marsandi W123

An ƙera Mercedes-Benz W123 daga 1976 zuwa 1986, wato ko autarsu ta kai kusan shekara 40. Ƙarfenta na iya jure wasu shekarun, amma roba ba ta da wannan haƙurin, balle a zafin rana irin namu. Idan bayan motar ya fara kaɗawa a kwana, ko ana jin ƙara in an saki totur, ko tayar baya tana cinyewa ta gefen ciki, a fara duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannun taya, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Kai ta wurin masu saita taya ɓarnar kuɗi ce, domin bayan wannan mota ba shi da wurin saiti. Robar ce ke riƙe da tayar a daidai.

Kowane hannun taya yana da bushi 2, huɗu ke nan. Ban da su akwai manyan robobi 2 da ke haɗa gadar ƙarfen baya da bodi, da robar difarenshal 1 a tsakiya. A saye su gaba ɗaya. Dalili shi ne, dogon ƙarfen da ya ratsa bushin waje ba ya zaruwa sai an sassauta gadar an sauko da ita, bodi yana tare shi. Tunda dole a sauke ta, barin tsofaffin robobinta sake aiki ne nan gaba. A lanƙwasa sabuwar roba tun a shago: in ta nuna tsaga, ta tsufa a ajiye.

Kafin a ɗaga motar, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, a rubuta. A jiƙa notuna da man sassauta tsatsa kwana 2 kafin aiki. A dasa motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba bulo ba, kuma a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan.

Haɗarin yana wurin sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar. Shokazoba tana cikinsa, ita ce ke hana hannun faɗowa, notinta na sama kuma yana bayan majinginar kujerar baya. Sai an tallafi hannun da jak kafin a kwance ta, sannan a sauke a hankali har sifirin ya saki. A cire birkin a rataye shi da waya, kada nauyinsa ya ja tiyon.

Wajen fitar da tsohon bushi, guduma ba ta da amfani, robar tana shanye dukan. Wuta kuma tana raunana ƙarfen. Dogon ƙarfe mai zare na milimita 10, noti 2, washa masu kauri da guntun bututun da ya fi bushin faɗi sun isa: ana ɗaure noti, bushin yana shigewa cikin bututun. A lura da inda leɓensa ya fuskanta kafin ya fita. A goge ramin tas, a shafa ruwan sabulu a tura sabon. Giris da baƙin mai suna kumbura roba su ruɓar da ita.

Inda aiki mai kyau ya fi lalacewa shi ne ɗaurin ƙarshe. Bushin ba juyawa yake yi a kan ƙarfensa ba, robar ce ke murɗewa. Idan aka ƙulle noti taya tana reto, ana sauke motar robar za ta zauna a murɗe dare da rana, cikin watanni ta yage, bayan motar ma ya tsaya sama. Don haka a bar notunan sako-sako, a ɗaga hannun da jak har awon ya koma wanda aka rubuta, sannan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin littafin motar. Bayan kamar kilomita 100 a sake shiga ƙarƙashi a gwada kowane noti.