Manhajar da na yi wata 7 ina ginawa ba wanda ya yi aiki da ita, ta biyun ce ta buɗe mana kasuwa

Lokacin da aka ɗauke ni aiki a wani kamfanin rarraba kaya, abun da oga ya fara ce min shi ne yana so a rabu da Excel. Komai nasu a ciki yake, odar kwastoma, kayan da ke sito, bashin da ake bin mutane har da jadawalin direbobi, fayil ɗaya ake ta turawa ta imel ana sake masa suna, wannan ya gyara nasa wancan ya gyara nasa, ƙarshen wata kuma a zauna ana gardamar wanne ne na gaskiya. Ni kuma na iya Python, na iya Django, wato kayan aikin rubuta manhaja, na ce a ba ni lokaci zan haɗa musu manhaja ɗaya da za ta ɗauke komai.

Wata 7 na yi a gaban kwamfuta. Na saka dashbod, na saka matakan izini, rahoto kala-kala, kuma wallahi aikin ya yi kyau idan a allo kake kallonsa. Amma a duk watannin nan ko sau ɗaya ban taka ƙafata cikin sito ba, abun da manajoji suka faɗa min a ofis shi kawai na rubuta. Da muka sake ta ba a yi sati 2 ba mai kula da sito ya koma kan littafinsa, masu karɓar oda suka koma Excel, ni kuma raina ya ɓaci sosai don na ɗauka tsoron sabon abu ne kawai.

Sai na sauka na sami mai kula da siton, dattijo ne, ya fi shekara 20 yana wannan aikin. Na ce Baba me ya faru kuka ajiye ta? Bai ce komai ba sai da wata mota ta iso, sannan ya ce Injiniya zo ka shigar da kayan nan da kanka. Toh a nan na gani. Kafin ka shigar da kaya ɗaya sai ka cike gurbi 11, direba na tsaye yana jira, netwok kuma ba ya kaiwa can cikin sito, shafin sai ya tsaya yana juyawa. Babbar matsalar ma ita ce kaya a kwali suke shigowa amma a dozin ko ɗai-ɗai suke fita, ni kuwa manhajata ma'auni ɗaya tal ta sani, don haka duk lissafin da za ta bayar ƙarya ne tun daga tushe. Baba ya yi gaskiya da ya ajiye ta.

Abun da ya fi damuna shi ne na san wannan tun da daɗewa a karatu. A 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da abun da ake kira Agile, kuma jigonsa ke nan, a riƙa sakin ƙaramin abu mai aiki akai-akai, a zauna da mai amfani da shi, a yarda tsari ya canza idan an ga gaskiya. Na karanta, na iya faɗa a intabiyu, amma da aiki ya zo hannuna sai na rufe ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari, ni kuma na tsallake 'yan garin gaba ɗaya.

Na roƙi oga ya ƙara min wata 1 kawai. Na ajiye babbar manhajar na yi shafi ɗaya na waya, ka haska bakod, ka saka adadi, ka zaɓi kwali ko dozin ko ɗaya, shikenan. Yana aiki ko babu netwok, idan ya dawo sai ya tura data da kansa. Duk sati nakan kai musu sabon gyara in tsaya ina kallon yadda suke dannawa, ba na tambaya ma sosai, inda yatsan mutum ya tsaya yana laluben maɓalli nan ne aikina na satin gaba.

Abun da ban zata ba ya zo ne bayan wasu watanni. Tunda yanzu kowane kaya da ya fita ana rubuta shi da lokacinsa da sunan mai saye, sai wata mai karɓar oda ta lura cewa yawancin kwastomomi kusan kaya iri ɗaya suke maimaitawa a tazara iri ɗaya, ta ce me zai hana mu riga su tunawa? Ita ce ta kawo shawarar, ni kodin kawai na yi, muka haɗa saƙon da ke zuwa wa kwastoma kwana 2 kafin lokacin da ya saba yin oda, ya danna eh kawai a shirya masa. Oda ta ƙaru, kayan da ke kwana a sito suka ragu saboda mun fara sanin me za a nema kafin a nema. Daga baya wasu daga cikin kwastomomin da kansu suka ce a ba su irin shafin nan su riƙa lissafin nasu kayan, kuma a shirye suke su biya duk wata. Kamfanin da kaya kawai ya sani sai ga shi yana da wata hanyar shigar kuɗi daban. Ba mu ne farau ba kam, Tobias Lütke a Kanada allon zamiya kan dusar ƙanƙara yake son sayarwa ta intanet, da bai samu manhajar da ta yi masa ba ya rubuta tasa, ita ce ta zama Shopify, manhajar buɗe shago a intanet, a 2006, kuma a shekarar ce Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya fara ba wa wasu hayar ma'ajiyar data da ƙarfin kwamfuta da sunan AWS.

Sai dai saurin nan yana da nasa bashin, wani mai rubuta manhaja, Ward Cunningham, ne ya fara kwatanta shi da bashi a 1992, kodin da ka yi a gurguje ka ce za ka gyara daga baya kamar rance ne, yana nan yana jiranka. Nawa ya zo wani yammaci da na tura gyara ban gwada ba, wayoyin da suka dawo netwok suka riƙa tura oda sau 2, washegari aka loda wa motoci kayan da ba wanda ya nema, sai da aka yini ana saukewa. Namu ma da sauƙi, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45 a watan Agustan 2012, saboda sabon kod bai hau ɗaya daga cikin manyan kwamfutocinsu 8 ba. Tun daga ranar duk gyara sai ya bi ta Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji a kod, wani ya duba, sai gwajin da ke gudu da kansa ya wuce, kuma kowace oda tana da lambarta ta musamman yadda ko sau 10 aka turo ta ɗaya za a ƙirga.

Yanzu mu 4 ne a sashen, kuma duk wanda muka ɗauka satinsa na farko a sito yake yi kafin ya buɗe laftof. Satin da ya wuce Baba ya ce min kayan da kwastoma ke dawowa da su har yanzu a littafi yake rubutawa don ba su da wuri a shafin, wasu sun lalace wasu lafiyarsu ƙalau kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Gobe da safe can zan fara zuwa in ga yadda yake ware su.