Talata: Goggo da ledar kurkur

Sakamakon hoton Kawu ya fito. Tabon da ke hantarsa yana mataki na 2 cikin 4, likita ya ce a ci gaba da tenofobir, maganin ƙwayar cutar hanta, kullum, kada a tsallake ko kwana ɗaya. Alhamdu lillahi. Har tsire na saya a hanya don murna.

Da na isa gida sai na tarar da Goggo a tabarma, ta kwance baƙar leda: garin kurkur, ƙullin masoro, da wata roba ta ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. Wai a waya ta ji ana cewa yana wanke hanta tas.

Na ce, "Goggo, don Allah kada a ba shi."

Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ke kika ce maganin zazzaɓin asibiti daga tazargade aka ciro shi ba? Shi kurkur ɗin laifin me ya yi?"

Bakina ya mutu, don ni na faɗa mata, kuma gaskiya ne, har lambar Nobel aka ba 'yar Sin ɗin da ta gano shi, a 2015 aka ba ta. Kurkur ma ba a banza ake zancensa ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a hanta da aikinsu adana bitamin A ne, amma in ciwo ya daɗe sai su koma saƙa tabo har hantar ta ƙandare. A jikin ɓeraye an ga kurkumin, sinadarin da ke ba kurkur launinsa, yana lafar da su. Haka silimarin, na wata ƙaya da ke fitowa a ƙasashen Bahar Rum. To amma Kawu ba ɓera ba ne. Hanjin mutum ɗan kaɗan yake tsotsa daga kurkumin, shi ya sa masu ƙwayoyin ke haɗa shi da sinadarin masoro don ya shiga jini sosai. A nan gizo ke saƙar: a Italiya a 2019 an samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi.

Duk wannan na zuba mata, da muryar 'yan makaranta, ina ɗaga yatsa. Ta saurara har na gama, ta ɗaure ledarta a hankali.

"Shi ke nan, Malama. A miya dai an yarda?"

Na ce an yarda. Wannan "Malamar" ce ta hana ni sakewa tun la'asar. Kuɗin adashinta ta kashe, don ƙaninta.

Ba wuta. Yaya bai kira ba. Tsiren ya huce, yara suka cinye.

Robar tana cikin jakata, ranar Alhamis zan nuna wa likita. Ban gaya mata na ɗauke ba.